Bukukuwan Barselona: wanne zan leƙa, kuma ina zan tsaya?

"Assalamu alaikum. Na samu gurbin karatun digiri na biyu a Barselona, zan iso farkon watan Satumba in Allah ya yarda, kuma shekara guda zan yi. Abin da na sani game da garin bai wuce ƙwallo ba. An ce mini mutanen can ba sa rabuwa da biki, daga wannan sai wancan. Waɗanne ne manya a cikinsu, yaushe ake yin su, kuma a matsayina na Musulmi wanne zan iya leƙawa ba tare da na faɗa cikin abin da bai dace ba?"
Wani ɗalibi daga Katsina

Wa alaikumus salam, ƙanena. Barka da samun wannan gurbi, Allah ya sa karatun ya amfane ka, ya kawo ka lafiya. Idan na fahimce ka, kana son sanin manyan bukukuwan garin da lokutansu, sannan kana son sanin inda Musulmi zai sa ƙafa da inda zai ja baya. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a Barselona, aikina tafinta ne da zagayawa da baƙi, kuma a shida daga cikin shekarun nan ina cikin ƙungiyar masu gina hasumiyar mutane ta unguwarmu. Da abin da idona ya gani da wanda kafaɗata ta ɗauka zan ba ka amsa.

Wanda ya ce maka ba sa rabuwa da biki bai yi ƙarya ba. Amma akwai abin da in ba ka gane shi da wuri ba, za ka ƙare shekarar kana kallo daga bakin titi har ka koma gida. Bukukuwan nan ba gwamnati ce ke yin su ba. Majalisar birni tana ba da kuɗi, tana rufe tituna, tana buga jadawali, amma masu aikin 'yan unguwa ne, cikin ƙungiyoyin sa-kai da suke kira colla. Akwai ta masu hasumiya, akwai ta masu wasan wuta, da ta masu ɗaukar ƙattan mutum-mutumi, da ta makaɗa. Direban bas, malamar firamare, likita, mai shago, duk za ka same su da daddare bayan an tashi daga aiki suna atisaye, ba mai biyansu ko sisi.

Tarihi ne ya kawo haka. Barselona ita ce babban birnin Kataloniya, yanki a cikin ƙasar Sifaniya mai harshensa na kansa, Katalanci. A zamanin mulkin Janar Franco, daga 1939 zuwa 1975, an kori harshen daga makarantu da ofisoshi, an hana wasu bukukuwan, wasu kuma aka bar su suna tafiya a raunane. Da mulkin ya kau, mutane suka fito suka karɓe titunansu da kiɗa da rawa, shi ya sa har yau biki a wurinsu magana ce ta "mu su wane ne". Sannan garin da kake gani ɗinki ne na garuruwa da yawa. Unguwanni irin su Gràcia da Sants da Sant Andreu garuruwa ne masu cin gashin kansu har 1897 da aka haɗe su da Barselona. Kowacce ta shigo da babban bikinta na shekara, wanda suke kira festa major, kuma ba wadda ta yarda ta saki nata. Da wuya wata ya wuce ba a yin na wata unguwa.

Satumba: za ka sauka a tsakiyar hidima

Kwana kaɗan da isowarka za ka ga tutoci masu ratsin ja da rawaya sun cika baranda. Ranar 11 ga Satumba ce, wadda suke kira Diada, ranar ƙasa ta Kataloniya. Ba nasara suke tunawa ba, faɗuwa ce: ranar da Barselona ta faɗa hannun sojojin Sarki Felipe na 5 a 1714 bayan an yi fiye da shekara ana tsare da ita, daga nan aka rushe majalisu da dokokin Kataloniya. Da safe ana kai furanni gindin mutum-mutumin Rafael Casanova, wanda ya jagoranci garin a lokacin, da yamma kuma masu neman ɓallewa daga Sifaniya sukan yi gangami, wanda ya girma sosai tun daga 2012. Shawarata a nan gajeriya ce. Ka kalla, ka saurara, amma kada ka ɗauki tutar kowa. Tuta mai ratsi zalla ta yankin ce, mai tauraro a cikin alwatika kuwa ta masu neman ɓallewa ce, kuma wannan magana ta raba gidaje da abokai. Baƙon da ya yi sati ɗaya ba shi da ta cewa a ciki.

Sati biyu bayan haka sai uwar bukukuwan garin, La Mercè, wadda ranarta 24 ga Satumba ce amma ana ɗaukar kwanaki ana yi. Asalinta na coci ne, kuma gara ka san shi. Kiristocin garin suna da riwayar cewa a 1218 Maryam, wadda a nan suke yi wa laƙabi da La Mercè, ta bayyana ga wani mutum mai suna Pere Nolasc, ta umarce shi ya kafa ƙungiyar da za ta riƙa fansar Kiristocin da aka kama a yaƙe-yaƙensu da Musulmin Andalus da na Arewacin Afirka. A 1687 fara ta auka wa garin, shugabanninsa suka yi alwashi da sunanta, da farar ta wuce suka ɗauke ta majiɓinciyar gari. Fafaroma Pius na 9 ya tabbatar da haka a 1868, kuma daga 1871 majalisar birni ta fara shirya bikin a hukumance. A yau abin da ya rage na ibada shi ne addu'ar da ake yi a majami'ar La Mercè da ke kusa da tashar jiragen ruwa ranar 24 da safe. Sauran duka a titi yake: kiɗa kyauta a dandali daban-daban, wasannin yara a lambun Ciutadella, gidajen tarihi da dama suna buɗe ƙofa ba biya, sannan a daren ƙarshe a rufe da wasan wuta mai tafiya da kiɗa a gindin tsaunin Montjuïc. Sun kuma saba gayyatar wani birni na duniya ya kawo masu wasanninsa. Dakar ta zo a 2010, Kasabalanka a 2024.

Hasumiyar mutane

In abu ɗaya kawai za ka gani a La Mercè, to ya zama wannan. Ka je dandalin Sant Jaume, tsakanin ginin majalisar birni da fadar gwamnatin Kataloniya, tun kafin azahar, don in ka makara ba za ka samu wurin sa ƙafa ba. Sunan abin castell, masu yi kuma castellers. Ya samo asali ne a garin Valls kusa da Tarragona a ƙarshen ƙarni na 18, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2010.

Ga yadda ake yi. Da farko mutane da yawa, wani lokaci ɗaruruwa, suna dunƙulewa a ƙasa, ƙirji a bayan na gaba, hannuwa a miƙe, kowa da gurbinsa gwargwadon tsayinsa da ƙarfinsa. Wannan ita ce pinya, kuma a nan nake tsayawa. A kanta sai ƙarfafan maza su hau, wasu su hau kafaɗunsu, a yi ta hawa ana rage nauyi, har a kai ga yara a can sama. Na ƙarshe, wanda sau da yawa yarinya ce 'yar shekara shida ko bakwai, ana ce mata enxaneta. In ta kai ƙololuwa ta ɗaga hannu, an kammala hawa. Sai dai masana ba sa tafi da gaske sai an sauko ba a rushe ba, domin saukowa ta fi hawa wuya: ƙafafu sun gaji, ginin yana rawa, kuma kowa ya ƙosa. Sunan kowace hasumiya lissafi ne. In ka ji an ce tres de vuit, ana nufin mutum uku a kowane hawa, hawa takwas. Manyan ƙungiyoyi suna kai hawa goma, abin da aka fara cimma a 1998.

Abin da mai kallo ba ya sani shi ne mu da ke ƙasa ba ma ganin komai. An hana mu ɗaga kai, don wanda ya ɗaga kai in aka faɗo wuyansa ne zai karɓa. Kanka yana sunkuye, kumatunka a kafaɗar wani, kana jin nauyin yana saukowa ta hannuwanka. Da kunne muke gani. Akwai masu busa wata algaita tasu da ake kira gralla, tare da ɗan ƙaramin ganga, kuma sautin yana canzawa gwargwadon inda aka kai, har ka gane cewa yarinyar ta kusa, ta ɗaga hannu, an fara sauka. Duk wanda ya taɓa sa hannu aka ɗaga jinka ya san wannan yanayi: ba ka ganin ɗakin, iyakarka ka riƙe naka gefen. Kowa yana ɗaure da wata doguwar baƙar ɗamara, faixa, wadda ke tsare ƙugu kuma take zama matakala ga masu hawa. Takensu kalma huɗu ne: ƙarfi, daidaito, jarumta, hankali.

Ana faɗuwa, ba zan ɓoye maka ba. Yawanci pinya ce ke tare waɗanda suka faɗo, a tashi da ciwon kafaɗa ko targaɗe. Amma a 2006 wata yarinya ta rasu a garin Mataró bayan faɗuwa, kuma daga lokacin ne yaran da ke hawa sama suke sa hular kwano. Na daɗe ina juya maganar sa yara a wannan tsayi a raina. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne ganin yadda ake horar da su, da raga a ƙasa lokacin atisaye, da kuma cewa duk ranar da yaro ya ce ba zai hau ba, to an fasa ginin, ba mai yi masa faɗa.

A wannan dandali kuma za ka ga gegants, mutum-mutumi masu tsayin mita uku zuwa huɗu, mutum ɗaya a ƙarƙashin rigar yana ɗauke da shi yana juyi. Na majalisar birni su ne Sarki Jaume na 1 da matarsa Violant. Na unguwar Pi kuwa, waɗanda suna cikin mafiya tsufa, namijin sunansa Mustafà, an yi shi da siffar Balaraben Andalus. Ba haka kawai ya faɗo ba. Barselona ta taɓa zama ƙarƙashin Musulmi a ƙarni na 8 har zuwa 801, kuma Almansur na Kurɗuba ya ci ta da yaƙi a 985. Mutanen garin sun manta da yawancin wannan, amma yana nan a cikin kayan wasansu.

Da dare sai correfoc, wato gudun wuta. Mutane sanye da kayan shaiɗanu, riƙe da sanduna masu feshin tartsatsi, tare da dodanni na kwali masu aman wuta, suna ratsa titi da ganguna, jama'a kuma suna kutsawa ƙarƙashin tartsatsin suna tsalle. Tushensa tsoffin wasannin kwaikwayo ne na coci da ke nuna gwagwarmayar alheri da sharri, amma a wannan siffa tasa bai wuce ƙarshen shekarun 1970 ba. In za ka matsa kusa, ka sa riga mai dogon hannu ta auduga zalla, da hula, da rufaffen takalmi, ka ɗaura ƙyalle a wuya. Shekarata ta farko na je da rigar ƙwallo, tartsatsi ya narkar da ita ya manne mini a kafaɗa, har yau tabon yana nan. Mata masu mayafin roba su fi kowa kiyayewa. Akwai na yara da ake yi kafin na manya, wutarsa ba ta da ƙarfi, kuma shi nake kai baƙina.

Daga kaka zuwa sanyi

Bayan La Mercè gari yakan lafa. Ƙarshen Oktoba akwai Castanyada, ta cikin gida ce, ana gasa wani ɗan itace da ake kira castanya da dankalin Hausa, a ci da ƙananan alewar almon da ake kira panellets. A Disamba kasuwar Santa Llúcia tana ci a gaban babbar majami'a, kuma tun 1786 ake da labarinta a rubuce. A nan za ka ga gungumen itace da aka zana wa fuska aka sa masa jar hula, tió ke nan, wanda yara ke ba abinci kwanaki, ranar Kirsimeti su rufe shi da bargo su doke shi da sanda suna waƙa, a ɗaga bargo a ga kyaututtuka. Shaguna suna rufe 25 da 26 ga wata, ka yi cefanenka da wuri.

Wanda ya cancanci ka fita cikin sanyi dominsa shi ne yammacin 5 ga Janairu. Sarakuna uku na gabas, waɗanda a riwayar Kirista suka kai wa Annabi Isa kyauta yana jariri, suna isowa ta jirgin ruwa, magajin gari ya tarbe su a tasha ya miƙa musu makullin gari, sannan a yi jerin gwano ana watsa alewa. Daren yara ne, kuma yadda iyaye ke ɗora su a wuya da kan tsani don su hango abin kallo ne a kansa. A tsakiyar Janairu unguwar Sant Antoni tana hawan dawaki da kekunan doki da ake kira Tres Tombs, ragowar zamanin da masu dakon kaya da dabbobi ke riƙe da kasuwancin gari. Ranar 12 ga Fabrairu ta Santa Eulàlia ce, yarinya 'yar shekara 13 da suka ce Rumawa sun kashe saboda addininta, ita ce majiɓinciyar garin ta farko kafin La Mercè. Saboda ita ake kiwon fararen dinya goma sha uku a farfajiyar babbar majami'a. Bikinta tamkar ƙaramin bikin La Mercè ne: hasumiya, ƙattai, wuta, amma ba cunkoson baƙi. In taron Satumba ya hana ka gani da kyau, a nan za ka rama.

Ranar littafi da fure

Ranar 23 ga Afrilu, Sant Jordi, ita ce ranar da na fi so a garin nan, kuma ita ce wadda zan ce ka fita ba tare da wani ɗar-ɗar ba. Kai da ka san ƙwallo, ka duba tambarin Barsa: jan gicciyen da ke sama ta hagu a kan fari na Sant Jordi ne, majiɓincin Kataloniya. Tatsuniyarsu ta ce ya kashe dodon da ke shirin cinye 'yar sarki, daga jinin dodon furen wardi ya tsiro, ya tsinka ya ba ta. Ba da fure a ranar tsohuwar al'ada ce ta ɗaruruwan shekaru. Littafi kuwa daga baya ya shigo: masu buga littattafai sun ƙirƙiro ranar littafi a 1926 a watan Oktoba, bayan 'yan shekaru aka mayar da ita 23 ga Afrilu, sai biyun suka haɗe. A 1995 UNESCO ta ɗauki wannan rana ta zama ranar littafi ta duniya.

Abin mamakin shi ne ba ranar hutu ba ce. Ana zuwa aiki, ana zuwa makaranta, amma duk da haka gari kaf yana waje. Titin Passeig de Gràcia da Rambla de Catalunya suna cika da tebura, marubuta suna zaune suna sa hannu a littattafai, layi har ya sha kwana. Furen ja ne, ana haɗa shi da zangarniyar alkama da ɗan ƙyalle mai launin tutar yankin. A da namiji ke ba da fure mace ta ba da littafi, yanzu kowa yana ba kowa, har uwa da abokin aiki. Ba giya, ba hayaniyar dare, mutane ne kawai da littafi a hammata. Duk shekara sai na tsaya na yi tunanin ranar da za a rufe titi a Kano ko Zariya saboda marubutanmu. Ka sayi ɗan littafin yara na Katalanci ranar, da shi za ka fi saurin kama harshen.

Zafi: daren wuta da titunan Gràcia

Daren 23 ga Yuni, Sant Joan, fuska biyu gare shi. Ta farko kyakkyawa ce. Akwai wata wuta da ake ajiye da ita tana ci duk shekara a birnin Perpinyà da ke ɓangaren Faransa, a hau da ita ƙololuwar dutsen Canigó, daga can 'yan sa-kai su rarraba ta da ƙafa da keke da mota zuwa garuruwan da ake jin Katalanci. Da yamma tana isowa dandalin Sant Jaume, wakilan unguwanni su ɗiba su je su kunna tasu. Fuska ta biyu kuwa ita ce bayan isha: abubuwan fashewa irin waɗanda yara ke kira nokawut a kowane lungu har asuba, da dubban matasa a bakin teku da kwalabe. Ban ga abin da zai kai ka Barceloneta, unguwar bakin teku, a wannan dare ba. Ka zauna a unguwarku inda iyalai ke fito da tebur ƙofar gida, za ka fi jin daɗi. In kana da jarrabawa a kusa, ka sani barci ba zai samu ba.

Kafin ka tattara kayanka, Allah ya sa ka riski 15 ga Agusta a gari, domin ranar ake buɗe bikin Gràcia, mako guda ana yi. Gayya ce tsantsa. Mazauna kowane layi suna zaɓar jigo, su yi watanni suna tara kwalaben roba da kwali da gwangwani, tsofaffi da jikoki suna yanka suna fenti, har su mayar da layin ƙarƙashin teku ko daji ko wata duniya, rufi da bango duka. Ana gasa, kuma layin Verdi ya yi suna wajen lashewa. Da dare su jera dogon tebur a tsakiyar titi su ci abinci tare. Sai dai sunan da bikin ya yi ya zame masa nauyi. Cunkoso ya kai sai an bi layi ana shiga ta gefe ɗaya a fita ta ɗaya, kuma ba shekarar da ba a kukan an lalata wa wasu adon da suka yi wata da watanni suna haɗawa. Wannan yana cikin abin da ke ɓata wa mutanen gari rai game da yawan baƙi, tare da tsadar haya, har aka yi zanga-zanga a kai a 2024. Ka je da safe, kada ka taɓa komai, ka sayi abin sha a teburin 'yan layin don da kuɗin suke ado na baɗi. Mako na gaba unguwar Sants tana yin irinsa, mutane ba su kai haka yawa ba.

Maganar addini

A nan iyakata take, ƙanena. Ni ba malami ba ne, hukunci na malamai ne, kuma ka tambayi wanda ka yarda da iliminsa kafin ka taso. Abin da zan iya ba ka shi ne bayanin yadda abin yake a ƙasa, don tambayar da za ka kai ta zama daidai. Kusan kowane biki a nan sunan waliyyin Kirista yake ɗauke da shi, amma ibadar a keɓe take, a cikin coci, a sa'a sananniya, kuma yawancin masu bikin su kansu ba sa shiga. Ni abin da na tsayar wa kaina shi ne ba na shiga addu'arsu ko jerin gwanon da ake ɗauke da gunki, ba na zama inda giya ce abin da ya tara mutane, correfoc kuma daga nesa nake kallonsa yanzu don shigar shaiɗanun ba ta kwanta mini ba. Na san 'yan'uwa da suka fi ni tsanantawa, ba sa fita ko ɗaya, kuma ina girmama su.

Akwai abu ɗaya game da hasumiya da ya kamata ka sani tun yanzu. Tun shekarun 1980 mata suna ciki, kuma a pinya jiki yana haɗuwa da jiki. Ni na yi wa mai tsara mu bayani tun ranar farko, yana sa ni a layin dogayen maza, kuma bai taɓa nuna mini ɓacin rai ba, amma ba kullum tsarin ke fita yadda ake so ba. Wani abokina ɗan Maroko ya bari saboda haka, ya koma cikin makaɗa.

Abinci ne inda aka fi yin tuntuɓe, domin alade yana ɓuya inda ba ka zata ba. Ka haddace kalma uku: porc naman alade, llard kitsensa, llardons soyayyen kitsen. Burodin Sant Joan da ake kira coca kala-kala ne, akwai na 'ya'yan itace, akwai na llardons, kuma ko na farkon wasu masu gashi da llard suke kwaɓawa, saboda haka ka tambaya. Taliyar canelons ta 26 ga Disamba yawanci da alade a ciki. Cava kuma giya ce ko da ta yi kama da lemo. Naman halal ba ya wuya, musamman a unguwar Raval inda 'yan Pakistan da Maroko suke da yawa, kuma a can za ka samu masallatai, ƙanana ne a ƙasan gidaje. Sallah ba ranar hutu ba ce a nan, ana yin Idi a zaurukan wasanni da filaye, amma yarjejeniyar da gwamnatin Sifaniya ta yi da hukumar Musulmin ƙasar a 1992 ta ba ɗalibai a makarantun gwamnati damar neman uzuri ranar Idi da lokacin Juma'a. Ka gaya wa malamanka da wuri, a rubuce.

Wurare da sa'o'i suna canzawa kowace shekara, don haka jadawalin majalisar birni na shekarar shi ne abin dogaro, ba ƙwaƙwalwata ba. A manyan darare irin na Sant Joan da La Mercè jirgin ƙarƙashin ƙasa yana kwana yana aiki. 'Yan sane suna bin taro, a cikin cunkoson La Mercè aka zare mini waya daga aljihun baya, saboda haka waya a aljihun gaba, fasfo a gida. Lambar gaggawa 112 ce.

Idan ka sauka ka huta, ka tambayi maƙwabta inda colla ta unguwarku take atisaye. Yawanci da dare ne, sau biyu ko uku a mako, kuma ƙofa a buɗe take ga kowa, ba a tambayar takarda ko ƙasa. Ka gaishe su da bona nit, ka ce kallo ka zo. In ka ga za ka iya, ka cire agogo da tabarau, za su ara maka ɗamara, mutum ɗaya ya riƙe bakinta kai kuma ka yi ta juyawa har ta naɗe ka tam. Daga nan za su nuna maka bayan wanda za ka tsaya.